Awon Ƙofofi Bakwai

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata aka ɗaga kewayen ƙofar farko za a saka shi a bango, ya ƙi shiga. Na san lokacin daidai saboda a wancan hutun na jami'a komai rubuta shi nake yi, har lokacin da aka buɗe gwangwanin gam da lokacin da aka rufe shi. Mutum huɗu ne riƙe da katakon. Suka tura, kafaɗar dama ta daki bango, ta hagu kuwa ta bar rata wadda tafin hannuna zai iya shigewa. Suka sauke, suka huta, suka sake ɗagawa, kamar hutun zai gyara wani abu.

Ni ce na auna gidan, kuma duk wanda yake tsaye a falon nan ya san haka.

Gidan bene ne a unguwar Zariya da ke cikin Maradi, na wani Alhaji mai manyan motocin dakon kaya. Ƙofofi bakwai ke buɗewa cikin babban falonsa, kowacce samanta a lanƙwashe kamar baka. Alhaji ya ce ba ya son a manna wani siririn katako a gefe don rufe rata, kamar yadda ake yi a sauran gidaje. So yake katako ya haɗu da bango kai tsaye, a ga layi ɗaya tsaf tun daga ƙasa har sama. Kafintoci da yawa ne a Maradi, masu gado da kabad da kujeru, amma masu iya tanƙwara katako ya bi baka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana cikinsu. Rumfarsa tana Sabon Gari, bayan masu walda.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne idon Kawu ya fara rauni. Hannunsa na nan yadda yake, yana iya shafa katako ya gaya maka inda ya fi tudu da kaurin gashi. Amma ƙananan lambobin da ke jikin metir ɗin awo sun fara narke masa. Bai gaya wa kowa ba sai mahaifiyata, ita kuma ta ce masa ga ni nan zaune a ɗaki, ina shekara ta biyu a jami'a ina karatun lissafi, hutu ya zo ba abin da nake yi sai cin littattafai. Haka na zama idonsa. Ni da ko barkono ba na iya tayawa a kasuwa sai muryata ta shige ciki, aka miƙa mini metir aka ce in shiga cikin magina in auna gidan Alhaji. Tun a ranar na gane yadda abin yake. In awona ya yi daidai, Kawu zai ci gaba da aikin baka wasu shekaru ba wanda ya san halin da yake ciki. In bai yi ba, sai ya koma yin benci da teburin mai shayi.

Kawu yana da ƙa'ida, ba ya auna bango tsirara. Sai an gama shafe shi da siminti, shafen ya bushe, sannan. Na jira har aka ce an gama. Kwana uku na yi ina zuwa gidan. A kowace ƙofa sai in ja zare daga gefe zuwa gefe daidai inda bakan ya fara, in auna tsayi daga zaren zuwa sama a kowace santimita biyar, in rubuta, in sake aunawa daga ɗaya gefen in dawo. Bayan haka in manna kwali a bakin ƙofar, in zana layin bakan da fensir, in yanke, in mayar da shi in ga ya zauna. Wannan kwalin shi Kawu yake kira gabari. Bakwai na yanka, na sa wa kowanne lamba. Ma'aikata suna ta magana a bayana, wani ya ce Alhaji ya ɗauko likitar ƙofa, wani ya ce a'a, ungozoma ce. Ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

Katakon daga Tibiri muka ɗauko shi, daga zauren gidan kakanmu. Maɗaci ne, Kawu ya saye shi tun ina makarantar sakandare, ya jera shi a inuwa da ƙananan itatuwa tsakanin kowane falle don iska ta riƙa ratsawa. Duk shekara sai ya je ya juya shi. Ya ce katakon da aka tanƙwara yana ɗanye, ranar da ya bushe sai ya tuna asalinsa ya miƙe. Da muka isa ya buga falle ɗaya da bayan yatsa, ya kara kunne, ya ce, "Ya yi."

Ba a tanƙwara maɗaci da ƙarfi, karyewa yake. Sai a tsaga shi siriri-siriri, kowane falle bai fi kaurin bangon littafi ba. A shafa gam, a jera goma sha biyu, a kwantar da su a jikin wani katako da aka riga aka yanka da siffar bakan, a bi su da ƙarafan matsi tun daga tsakiya zuwa gefe. Ni nake zana siffar daga gabarina, ni nake duba agogo, domin in gam ya fara kamawa kafin a gama matsewa aikin ya lalace. Kwana uku kowane baka yake yi a matse. In aka kwance shi sai ka ga ya tsaya a lanƙwashe da kansa, fallayen nan goma sha biyu sun zama jiki ɗaya. Kawu ya goge, ya sake gogewa, ya shafa mai, jan maɗacin ya fito kamar dabino. Garin katakon ɗaci gare shi, yana kama maƙogwaro, na yi mako uku abincina duk ɗanɗanonsa ɗaya. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

To, ranar Talatar nan da na farko ya ƙi shiga, sai Kawu ya ce a gwada na biyu. Shi ma ya ƙi. Na uku ya shiga amma ya bar rami a ƙololuwa. Kafin azahar an gwada bakwai ɗin, ba wanda ya zauna, kuma kowanne da irin tasa ƙin.

Ɗan kwangilar da ke riƙe da aikin gidan ya iso yana karkaɗa makullin mota. Gajere ne mai tumbi, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Ya zura hannu cikin ratar ƙofar farko ya fito da shi ta ɗaya gefen yana kaɗa yatsu.

"Salamu alaikum, mutanen ɗaki," ya ce wa hannun nasa. Ma'aikata suka fashe da dariya. Ya juyo wurin Kawu. "Maigida, wannan ƙofa ce ko taga? Ko an yi wa kyanwar Hajiya tata hanyar?"

Kawu ya matsa kusa da ƙofar. Yana shafa gefen bangon da tafin hannu.

"Wa ya auna?" in ji ɗan kwangilar, alhali ya sani. Ya dube ni. "Au, madam injiniya. Ke da aka ce har zare kika ja. Ni tun ina yaro da kara ake auna ƙofa a garin ga, ba mu taɓa ganin ta ƙi shiga ba sai da boko ya zo."

 Na ce a hankali, "Akwai gabari." Bai ji ba, sai da na maimaita. Na fita zuwa motar da ta kawo kayan, na ɗauko kwalayen nan bakwai, na ɗaga mai lamba ɗaya na kai shi bakin ƙofar farko. A wannan ƙofar na yanka shi, na gan shi ya zauna da idona. Yanzu ya ƙi, daidai inda katakon ya ƙi.

"Bangon ne ya canza," na ce.

"Bango ya canza!" Ya tafa hannu. "Kun ji ko? Bango ya tashi da dare ya yi ƙiba. Ɗiyata, kwali ne fa, kuma damina ake. Kwali in ya sha sanyi ya bushe, mi kike so ya zama? Ko ba a koya muku wannan ba a lakkwal, makarantar bokon taku?"

Aka sake dariya. Na tsaya riƙe da kwalin. Bangon fari ne tas, an yi masa fenti, ba tabo ba tsaga, ba abin da zan nuna da yatsa. Kuma maganarsa ta shige ni, domin gaskiya ne kwali yana motsi da danshi. Lambobin da ke littafina fa? Su ma ni na rubuta su. Idan idona ya karkace sau ɗaya, zai iya karkacewa sau bakwai.

Kawu ya ce maganin abin ɗaya ne. A sassaƙe shafen inda ya yi tudu, a cika inda ya yi rami, bango ya bi katako. Aikin kwana huɗu ne, sai a sake fenti. Ɗan kwangilar ya ce ko kwana ɗaya babu, ranar Juma'a ake walimar shiga gida, an riga an gayyaci mutane har daga Katsina. Ana cikin haka Alhaji ya shigo da waya a kunne. Ya tsaya a tsakiyar falo yana maganar wata mota da ta maƙale a kan iyaka, ya kalli ƙofofin jingine da bango, ya rufe bakin wayar da hannu.

"Lafiya?"

"Ranka ya daɗe, ɗan kuskuren awo ne aka samu," in ji ɗan kwangilar. "Yarinya ce ta auna."

Kawu ya ce, "Awonmu ne, Alhaji. In da laifi, namu ne."

Na san don ya rufa mini asiri ya faɗi haka. Amma da ya zage ni a gaban mutane da ya fi mini sauƙi, domin a cikin maganar tasa na ji shi ma ya yarda.

"Ni dai Juma'a," Alhaji ya ce, ya mayar da wayar kunne ya fita.

Abin da aka yi daga yammacin Talatar zuwa Alhamis har yau ba na son tuna shi. Kawu ya ce shi hannunsa ba zai yanke bakan ba. Ɗan kwangilar ya ce ba komai, yana da mutane. Ya kirawo masu sa tayil, suka zo da injin da suke yanka tayil da shi. Suka kwantar da bakan farko a ƙasa, a kan yashi da ɓaraguzan siminti, wani ya taka shi da takalmin roba don kada ya motsa. Ba wanda ya ja layi. Ɗaya ya kalli bango, ya kalli katako, ya ce, "Ci nan," ɗayan ya ci. Injin ba na katako ba ne, ƙona shi yake yi yana tafiya, hayaƙi yana tashi da warin gam da ya ƙone. Fallayen nan da muka jera ɗaya bayan ɗaya suka bayyana a gefe, baƙi-baƙi, a yayyage, kamar naman da aka yanka da wuƙa marar kaifi. In sun ci da yawa sai su yi dariya su ce mastik zai gyara.

Mastik ɗin a cikin wani tsohon bokitin fenti suka kwaɓa shi. Garin katako, gam, da irin abin da masu gyaran mota suke cike jikin mota da shi. Da ya yi musu tauri sai wani ya tsiyaya ragowar shayinsa a ciki. Inda ratar ta yi faɗi har mastik ba zai tsaya ba, sai suka yayyaga buhun siminti suka cusa, wani wurin har da ledar ruwa da suka sha suka yar. Na ga wannan da idona, a ƙofa ta huɗu. Suka danna da yatsa, suka shafe da bayan cokali, abin yana zubowa a jikin jan maɗacin kamar majina. Suka bi da manyan ƙusoshi ta fuskar katakon, inda Kawu ya yi kwana biyu yana gogewa, guduma tana kuskurewa tana barin tambarinta.

Da yake mastik da maɗaci ba launinsu ɗaya ba, sai ɗan kwangilar ya ce a shafe duka da fenti. Ruwan ƙasa mai ƙyalli, mai kauri, har hawa uku. Kafin yammacin Alhamis ba wanda zai iya cewa ga katako ga roba.

Kawu yana zaune a kan bulo a bakin ƙofar shiga duk tsawon kwanakin, bai tafi ba, bai kuma duba ba. Ni ce na duba. Ban san dalili ba, na kasa ɗauke ido.

Ranar Juma'a mahaifiyata ta tilasta mini zuwa walimar, ta ce in ba mu je ba za a ce muna da wani abu a rai. Aka zaga da mata cikin gidan ana nuna musu. Warin fenti bai gama fita ba, an turara wuta a kansa, sai abin ya haɗu ya zama wani wari na daban. Wata mata mai zobba a yatsu huɗu ta shafa ƙofa ta huɗu, daidai saitin inda ledar take, ta ce, "Hajiya, wannan kam ba aikin garin ga ba ne. Daga Dubai aka kawo su ko?" Matar Alhaji ta yi murmushi ta gyara mayafi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Aka zubo mini shinkafa da rabin kaza. Na riƙe farantin har muka tashi.

Kawu bai taɓa yi mini maganar ba. Bai karɓi metir ɗinsa ba, bai kuma sake aikena awo ba. In na je rumfa sai ya ce, "Ɗiyata, zauna daga can, ƙura." Bayan mako biyu wani mutum ya zo yana son a yi masa abin dafawa na matakalar bene mai zagaye, irin aikin da Kawu yake kwana yana zanawa a ransa. Ina ji ya ce masa ya daina irin wannan, shekaru sun ja, ya nemi wani. Mutumin yana fita Kawu ya ɗauki wata ƙafar benci ya ci gaba da gogewa.

Na koma gida na baje littafina. Na sake lissafin kowane baka, na zana su a takarda mai layi, bakwai ɗin suka fito sumul, kusan iri ɗaya, bambancinsu bai wuce 'yan milimita ba. Ranar Larabar da ake ta yanka na saci jiki na sake auna ƙofofi uku da ba a kai gare su ba, su ma na zana. Suka fito kamar an ba makaho alƙalami. Mai kuskuren awo yakan yi kuskure iri ɗaya, ya ƙara ko ya rage. Ba ya ƙara a dama ya rage a hagu a wannan ƙofa, ya juya a ta gaba. Na san haka a lissafi. Amma lissafi bai isa in kai wa Kawu ba, tunda lissafin ne ake tuhuma. Ina buƙatar bakin mutum.

Sau biyu na je ƙofar gidan Alhaji na dawo ban yi magana ba. A na uku mai gadin, wani dattijo da ya saba ganina lokacin awo, ya kira ni da kansa.

"'Yar zare, mi kike nema kina ta kai da kawo?"

Na tambaye shi ko an taɓa bangon falo bayan na gama awo. Ya ce shi aikinsa ƙofar waje, abin da ke ciki ba ruwansa. Ya ja carbinsa. Can ya ce in ina son labarin bango sai in tambayi mai bango. Mai shafen gidan mutumin Jiratawa ne, aiki ya ƙare ya koma gonarsa. Ya kwatanta mini shi, dogo mai furfura a gemu, ɗan yatsansa ɗaya a gutsure.

Na tuna shi. Yana cikin mutum huɗun da suka ɗaga kewayen farko.

Saura kwana uku a koma jami'a na hau adaidaita da safe na nufi Jiratawa, na ce wa mahaifiyata zogale zan sayo. Ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Na sauka a bakin fadama na bi gefen hanyar ruwa, ina tambayar mata masu tsinkar ganye, domin su na fi iya tambaya. Ta uku ce ta nuna mini da haɓa. Yana duƙe cikin zogale, wandonsa a naɗe, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Na tsaya a kan kunya na yi sallama, muryata ba ta kai gare shi ba. Sai da ya ɗago don kansa ya gan ni.

"Ikon Allah. Likitar ƙofa ce a garinmu?"

Na durƙusa na gaishe shi. Na tambayi gida, na tambayi ruwa, na tambayi gajiya, na sake tambayar gida. Ya fito ya wanke hannu a hanyar ruwan, ya zauna a kan wani bututu, ya ce mai shayi na can nesa, sai dai in yi haƙuri da inuwa.

"Ya maigidan naku? Hannu gare shi, wallahi. Ni ban taɓa ganin itace ya yi ladabi haka ba."

Na ce yana lafiya. Na ce ya daina aikin baka.

"Subhanallahi. Don mi?"

 Na buɗe jaka na fito da zanen nan biyu, na farko da na biyu, na miƙa masa. Ya karɓa ya juya su sama da ƙasa, ya miƙo mini.

"Ni ban san takarda ba, ɗiyata. Faɗa mini da baki."

"Baba," na ce, "don Allah ku gaya mini. Awona ne ya ɓaci?"

Ya yi dariya, ba irin ta falon Alhaji ba, gajeriya. Ya tsinki ganye ɗaya yana murzawa.

"Yo ke har yanzu abin na cin ki? Kin biyo hanya tun daga Maradi don wannan?"

"Kuna tsaye a wurin ranar," na ce. "Kun ji abin da aka ce mini."

"Ina tsaye. Ni na riƙe kafaɗar dama ma."

"To?"

Ya jefar da ganyen cikin ruwa.

"Awonki lafiya lau yake. Shafen da kika auna ni na yi shi, da zare da katakon miƙewa, kwana shida. Kin tafi da kamar mako guda Alhaji ya je gidan wani abokinsa ya ga an jera ƙananan fitilu a cikin baka, ya dawo ya ce shi ma sai an sa masa. Aka kawo mai lantarki ya farfasa bakan nan bakwai da guduma, ya kwantar da waya. Ɗan kwangila ya ce in rufe kafin la'asar, masu fenti na zuwa da safe. Na ce baka bakwai a yini ɗaya sai dai da ido. Ya ce in yi da ido. Na ce a gaya wa kafinta. Ya ce in an gaya masa zai ce sai an sake awo, a bari katako ya zo, katako ai ana yanka shi. Ranar Talatar kuwa ba wanda ya tambaye ni, kuma ina da sauran aiki a hannun mutumin. Na ga an ɗora miki, na ce wannan 'yar lakkwal ce, gobe za ta koma karatunta ta manta. Fitilun ma ba a sa ba. Alhaji ya ce ya ji abokin nasa ya cire nashi, sun tsufa. Wayar na nan cikin bango, ba a haɗa ta da komai ba."